Idan Yarinya Ta Ce Ba Za Ta Haihu Ba

Ranar sunan ƙanenta ne, tsakar gida cike da mata, ana dama wa mai jego kunun kanwa. Wata gwaggo ta jawo 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara 7, ta ce, "Ke kuma 'ya'ya nawa za ki haifa mana?" Yarinyar ta ce, "Ni ba zan haihu ba har abada." Nan take aka yi mata caa. "Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" "Maza tofar da yawun nan!" Wata har ta ɗalle mata baki. Yarinyar ta koma bayan randa ta yi tsit.

'Yan'uwa Musulmi, mu ji tsoron Allah a kan yaranmu. Alƙalami ba ya hawa kan yaro sai ya balaga, amma mu mun riga mun yanke mata hukunci. Furucin yarinya ba ya rufe mahaifa. Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, ta nuna mana cewa rabon 'ya'ya, maza ko mata ko rashinsu, duka a hannun Allah yake. Annabi Zakariyya sai da ya tsufa ya samu Yahaya. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, ana mata alkunya da ɗan yayarta Asma'u, Abdullahi ɗan Zubairu, kuma ita ce uwar muminai da ta ruwaito hadisi sama da 2,000.

Da yamma, bayan baƙi sun watse, na zaunar da ita a cinyata na ce, "Faɗa mini, me ya sa?" Ta daɗe tana murza bakin zaninta. Can ta ce, "Inna, daren haihuwar nan na ga Umma a durƙushe tana nishi, zaninta duk jini. Na zaci mutuwa za ta yi." Ashe kwana bakwai ke nan tsoro na cin yarinyar, babu wanda ya lura. Sannan ta ƙara da cewa tun safe ƙaramin da aka yaye yana bayanta, ƙawayenta na carafke a ƙofar gida, ita tana jijjiga goyo.

Ga abin da ke cikin maganar da muka doke mata baki a kai. Wani yaron kuma uban ne yake ji kullum yana cewa, "Kun zame mini kaya." To yaya zai yi sha'awar abin da ya ji ana kira kaya?

Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da mu a kan aure da zuriya, babu shakka. Amma shi ɗin ne ya tsaya yana tambayar ƙaramin yaro, Abu Umair ƙanen Anas, labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Damuwar yaro ba ta yi masa ƙanƙanta ba. Don haka idan ɗanka ko 'yarki suka furta wannan magana, ku sassauta murya, ku tambayi dalili, ku saurara har su gama. Kada ku yi musu ƙarya. Ni na ce mata, "Gaskiya ne haihuwa da wuya, shi ya sa Annabi ya ambaci uwa sau uku kafin uba. Umma ta warke, je ki taɓa hannunta ki ji. Ke kuma yanzu karatu da wasa ne aikinki."

Washegari na yi wa uwarta magana, aka raba goyon tsakanin manyan gidan. Har yau yarinyar ba ta janye maganarta ba, ni ma ban sake tambayarta ba. Bayan kowace salla ina roƙa mata Allah ya cire mata tsoron nan, ya zaɓa mata abin da ya fi alheri.