Idan Jinka Ta Faɗi, Hannun Wa Za A Tambaya?

Ɗalibin da ya shiga sashen injiniyan gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Bayero da ke Kano, shekara biyar ke gabansa. A cikinsu zai koyi ilimi iri biyu. Na farko zane da lissafi: nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka, kaurin rodin da ya dace da bim, zurfin da harsashi zai kai gwargwadon irin ƙasar wurin. Na biyu tafiyar da aikin gini: tsara lokaci, ƙiyasin kuɗi, sharuɗɗan kwangila, kula da ma'aikata da kaya. Kowane darasi da malaminsa da jarrabawarsa. Tambayar da ke damun mu a tsakanin darussan biyu take zaune. Daga teburin mai zane zuwa filin gini, aiki yakan bi ta hannun mutum goma ko ashirin. Idan ginin ya rufta da mutane, alhakin rayukansu a wuyan wa yake?

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san aikin hannu da yawa, domin manhaja ɗaya takan haɗa mutum ɗari. Sai dai sana'armu tana da gatan da magina ba su da shi: idan aka gano matsala, ana iya aika gyara ta intanet cikin dare ɗaya. Kankare ba ya karɓar irin wannan gyara. Da zarar an zuba shi ya daskare, rodin da ke cikinsa ya ɓuya ke nan, ba mai sake ganinsa sai ranar da ya gaza. Shi ya sa tambayar alhaki ta fi fitowa fili a fagen gini.

A da can amsar ba ta da wuya. Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, shi ya tsara bakan gizon a kansa, shi kuma ya tsaya aka jera azara aka ɗora ƙasa. Mai tunani da mai aiwatarwa mutum ɗaya ne, da rufin ya faɗi kowa ya san ƙofar da zai nufa. Yau an raba aikin, kuma da hujja aka raba shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kai ɗaya kuma ba ya ɗaukar lissafin bene mai hawa talatin. Amma duk inda aka raba aiki, akwai gaɓar da wannan yake miƙa wa wancan, kuma a irin wannan gaɓa ce aka yi ɗaya daga cikin munanan asarar rayuka a tarihin gini a Amurka.

Ranar 17 ga Yuli, 1981, ana taron rawa a babban zauren otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas. A saman zauren akwai gadoji na tafiya da ƙafa da aka rataye da sandunan ƙarfe daga rufi, gadar hawa na huɗu tana daidai kan ta hawa na biyu. Su biyun suka rufto kan jama'a. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni.

Abin da bincike ya gano ƙarami ne ƙwarai a ido. A zanen farko, sanda ɗaya ce doguwa za ta sauko daga rufi, ta ratsa gadar sama, ta zarce ta riƙe ta ƙasa. Kamfanin da ya haɗa ƙarafan ya ga wannan zai yi wuyar aiki, sai ya ba da shawarar a yi sanda biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A kwatanta da kwanduna biyu na hatsi. Idan kowanne an ɗaure shi a jikin igiya ɗaya, hannun kowane kwando nauyin kansa kaɗai yake ɗauka. Idan kuwa aka rataye na ƙasa a jikin na sama, hannun na sama yana ɗauke da biyu. Haka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama ya ninka. Takardun da ke ɗauke da wannan canji sun je ofishin injiniyoyi, sun dawo da hatimin dubawa a kansu. Masu ƙarfe sun ɗauka injiniyoyi sun lissafa, injiniyoyi sun ɗauka lissafin mahaɗa aikin masu ƙarfe ne. Daga baya hukumar jihar Missouri ta ƙwace lasisin injiniyoyi biyu da ke da alhakin aikin.

Ba wanda ya yi niyyar kisa a wannan labari, kuma ba ilimin lissafi aka rasa ba, domin ɗalibin shekara ta biyu zai iya gano ninkin da alƙalami da takarda. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da zai ce: wannan gaɓar tawa ce.

Akwai wani abu a darasin zane da ke ƙara wa wannan hali ƙarfi. Ana koya wa ɗalibi ya bar rarar kariya. A ƙa'idar Ingila da aka daɗe ana koyarwa a jami'o'in Najeriya, nauyin ginin kansa ana ninka shi da 1.4, nauyin mutane da kaya kuma da 1.6, kafin a zaɓi girman ginshiƙi da yawan rodi. An ajiye wannan rara ne saboda abin da ba wanda ya sani: ranar biki da mutane za su cika bene, buhunan da wani ɗan haya zai jibge, yashin da ya zo da datti. Matsalar ita ce kowa a filin gini ya san rarar tana nan. Mai gida ya ƙara hawa ɗaya a kan abin da aka zana, yana cewa ai injiniyoyi sukan bar rara. Ɗan kwangila ya sa rodi mai milimita 12 a gurbin mai 16, yana ganin bambancin kwata ne kawai, alhali faɗin bakin ƙarfen ya sauko daga murabba'in milimita 201 zuwa 113, wato kusan rabi ya tafi. Birkila ya ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saurin zuba. Kafinta ya cire katakon tallafi da wuri, alhali sai a kwana na 28 ake auna cikakken ƙarfin kankare. Kowannensu ya ɗan gutsura, yana zaton sauran sun bar nasu. Rarar kuwa guda ɗaya ce, kuma ba ta kowannensu ba ce. Amana ce ta yaron da zai kwana a ɗakin bayan shekara ashirin, wanda ba ya nan lokacin da ake ciniki.

Saboda haka muke ganin alhaki ba ya rabuwa irin rabon gado, inda yawan magada ke rage kason kowa. Idan mutum goma suka taɓa aiki, kowannensu yana ɗauke da cikakken alhakin abin da ya gani, da abin da matsayinsa ya wajabta masa ya duba. Sa hannun injiniya kuwa shi ne wurin da aikin da aka rarraba yake sake haɗuwa a kan mutum ɗaya mai suna. Wannan ce ma'anar rajistar da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, take yi wa injiniyoyi a Najeriya: a samu wanda za a iya kira da sunansa.

Wani zai ce wannan magana ce mai daɗin faɗi daga nesa. Matashin da ya gama karatu jiya, ya sha wuya kafin ya sami aiki, ina shi ina ja da mai kuɗin da ke biyansa? Idan ya ƙi sa hannu, gobe za a sami wani ya sa. Gaskiya ne, kuma al'ummar da ke barin mai gaskiya da yunwa tana da nata kason na laifi. Amma samuwar wani da zai sa hannu ba ta wanke wanda ya sa. Kuma tsakanin miƙa wuya da ajiye aiki akwai matakai: a rubuta ƙin amincewa a littafin aiki da kwanan wata, a nemi a gwada ƙarfin kankaren, a sanar da babban injiniya a rubuce. Wannan ma darasin tafiyar da gini ne, ko da ba a tambaye shi a jarrabawa ba.

Akwai wanda ya nuna yadda riƙe gaɓa yake, a kan ginin da an riga an gama. William LeMessurier shi ne injiniyan benen Citicorp mai hawa 59 a New York, wanda aka kammala a 1977. Saboda wani coci da ke kusurwar filin, manyan ginshiƙansa a tsakiyar kowane gefe suke maimakon kusurwoyi. A 1978 tambayar wani ɗalibi ta sa ya sake lissafin iskar da ke bugun ginin ta kusurwa. Ya kuma gano cewa a lokacin aiki an sauya waldar da ya tsara a mahaɗun ƙarfe da ƙusoshi masu noti, don rage kuɗi, kuma ofishinsa ne ya amince. Lissafinsa ya nuna masa cewa idan wuta ta ɗauke, na'urar da ke rage lilon ginin ta tsaya, guguwar da kan zo sau ɗaya a shekara 16 za ta iya kayar da shi. Ba wanda ya san wannan sai shi. Ya je ya gaya wa masu ginin, ya jefa sunansa da sana'arsa cikin haɗari. Aka yi makonni masu walda suna aiki da dare, suna liƙa faranta masu kaurin inci biyu a kan mahaɗu fiye da 200.

Canjin ba daga hannunsa ya fito ba, amma bai fake da wannan ba. Duk da haka labarin yana da tabo: ba a gaya wa jama'ar da ke zaune a kewayen ginin girman haɗarin ba, sai a 1995 mujallar The New Yorker ta fito da shi. Riƙon amana ga wanda ya ba ka aiki daban, haƙƙin wanda rufin zai faɗa wa daban, kuma na biyun ya fi saurin mantuwa domin ba shi da kujera a teburin kwangila.

To me jami'a za ta iya yi? Ba ta iya dasa wa mutum tsoron haƙƙi da jarrabawa. Amma tana iya daina koyar da zane da tafiyar da gini kamar ƙasashe biyu da ba iyaka tsakaninsu. A ba ɗalibi zanen abokinsa da aka yi wa ƙaramin canji, a ce ya sa hannu ko ya ƙi, ya kuma kare matsayinsa a gaban aji. A karanta rahoton gine-ginen da suka rushe, har da bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021, da irin natsuwar da ake karanta waɗanda suka tsaya. A Kanada, tun 1925, injiniyoyin da ke gama karatu sukan karɓi zoben ƙarfe su sa a ƙaramin yatsan hannun da suke aiki da shi, don ya riƙa gogar takarda duk lokacin da za su sa hannu. Zoben ba ya hana kuskure, tunatarwa ce kawai cewa akwai mutane a ƙarƙashin wannan layi da aka ja.

Mu ma abin ya iso ƙofarmu. Yau lissafin ginshiƙi da bim manhaja ce ke yin sa cikin daƙiƙu, kuma ga sabuwar mafaka ta samu: ai kwamfuta ce ta fitar. Kwamfuta ba ta da lasisin da za a ƙwace, ba ta zuwa jana'iza. Wanda ya rubuta manhajar yana da gaɓarsa, wanda ya shigar da alƙaluma yana da tasa, wanda ya karɓi sakamakon bai gwada shi da hannu ba yana da tasa. Yawan hannuwa ne ke ɗaga jinka, amma ba ta zama a kan bango sai kowane hannu ya riƙe gefensa kamar babu na kusa da shi.