Ɗana, Ka Sa a Duba Maka Zuciya

Ɗana, in likita ya ce kana da ciwon sukari, irin wanda ke kama mutum bayan ya manyanta, matso ka ji. Na ga yadda muke yi a nan Gure: a soki yatsa, a ga lamba ta sauka, a yi hamdala, a koma majalisar shayi. Zuciya kuwa ba mai tambayar lafiyarta, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Akwai awon da ake kira eko. Ka san shi, irinsa ake yi wa mai juna biyu. A shafa maka mai a ƙirji, a ɗora 'yar na'ura, sai ga zuciyarka a allo tana bugawa. Ba allura, ba yanka. Tun 1953 wasu masana biyu, Edler da Hertz, suka fara shi a Suwidin.

Abin da likitoci suka fi gani a zuciyar mai sukari shi ne taurin nama. Ka tuna gugan fata da ya daɗe a rana: ka zura shi rijiya, ya ƙi buɗewa, ya fito da rabin ruwa. Haka ɗakin hagu na zuciya yake zama. Yana iya matsa jini ya fita yadda ya kamata, amma sakewa ya cika sai da ƙyar. Bangonsa yakan yi kauri, musamman in hawan jini ya haɗu da sukarin, ɗakin da ke samansa kuma ya buɗe saboda jinin da ke taruwa. Duk wannan yana iya faruwa shekara da shekaru kana zuwa gona, kana cin kasuwa, ba ka jin komai. Sukari yana kashe jijiyoyin jin zafi, shi ya sa wani hanyar jinin zuciyarsa za ta toshe bai ji ciwon ƙirji ba.

Binciken Framingham na Amurka ya nuna a 1974 cewa haɗarin gazawar zuciya ya ninka biyu ga namiji mai sukari, ga mace kuwa sau biyar. Don haka kada ka tafi kai kaɗai ka bar mai ɗakinka ko mahaifiyarka a gida in su ma suna da sukari.

Na san Damagaram, inda za a tura ka awon, da nisa, ta haura kilomita 150, ga kuɗin mota ga na awo. Amma kwanciya asibiti ta fi su tsada. In hawan ɗan tudun rairayi ya fara sa ka haki, ko ƙafafu sun kumbura, ko ka kasa barci sai a zaune, kada ka ce tsufa ne. Rage gishiri da kanwa, riƙe maganinka ko da ka ji garau, a riƙa auna maka hawan jini.

In ka koma wurin likitanka, ka buɗe baki ka tambaye shi ko lokacin yin ekon zuciya ya yi. In ya ba ka takardar zuwa babban asibitin Damagaram, don Allah kada ta kwana biyu a aljihunka.