Fasali a kan Ɗibar Samari Aikin Soja da Bashin Gidan da Aka Bari

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, almajiri kake ko falke, Allah Ya datar da ni da kai, cewa mas'alar da muke nufin warwarewa ita ce: idan mai mulki ya ɗebi saurayi daga gidan ubansa da ƙarfi ya sa shi soja, wa ya biya kuɗin yaƙin a haƙiƙa? Kuma haƙƙin gidan da aka bari, a wuyan wa yake?

Sai mu fara da abin da ya auku, don kada mu yi hukunci a kan iska. Yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, alhali ƙasar Hausa ba ta ko farfaɗo daga yunwar Kakalaba ba. Faransa ta matsu da neman mazaje, har a 1918 ta aiko Blaise Diagne, mutumin Senegal mai kujera a majalisarta, ya tara mata wajen mutum 63,000 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Da aka gama yaƙin ba a daina ba. A 1919 aka mai da ɗibar doka ta kowace shekara: sarakuna su kawo samari 'yan wajen shekara ashirin, likita ya duba su, a jefa ƙuri'a tsakanin masu lafiya, wanda ta faɗa wa ya yi shekara uku. Waɗanda ta tsallake aka kira su kashi na biyu, kuma daga 1926 aka halatta kai su aikin ƙarfi, irin ginin madatsar ruwa ta Markala a ƙasar da yau ake kira Mali. Rabon Nijar bai kai na waɗansu ƙasashen ba, amma tsoron ɗiba da haraji da aikin dole ya sa gidaje da yawa suka ƙetara iyaka zuwa ɓangaren Ingilishi. Can ɗin ma ba a tsira ba, domin daga 1942 zuwa 1944 an yi ta ɗibar talakawa da tilas zuwa haƙar kuza a Jos, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna.

To, yanzu ɗauko allonka mu yi lissafi. Ka ƙaddara gida mai baki goma, hauya uku: uba da 'ya'yansa biyu a gandu ɗaya. Aka ɗauki babban. Baki ɗaya ya ragu cikin goma, amma hauya ɗaya ta ragu cikin uku. Kuma likita ba ya zaɓar gurgu ko mai tari, sai wanda ya fi kowa ƙarfi. Damina kuwa ba ta jira. Gonar da ba a yi mata noman fari a kan kari ba, ciyawa ta cinye ta, balle a kai ga maimai. Wannan hasarar rumbu ce.

Sa'an nan ga hasarar rani. Saurayin nan shi ne mai zuwa cin rani, shi ne mai bin jakai da gishiri ko kanwa, shi ne mai komowa da kuɗin harajin gida. Ya tafi, harajin sauran bai tafi ba. Shekara ta farko a sayar da akuya. Ta biyu a ci iri, a karɓi bashin hatsi dami ɗaya a kan biyu in kaka ta yi. Ta uku a jinginar da gona. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma gidan da ya cinye irinsa ya rasa ruwan ciki. Idan Allah Ya komo da yaron, sai ya tarar da ƙanensa yana ƙodago a gonar da dā tasu ce. Idan kuwa labarinsa ya yanke, ga matarsa, ba ta da miji ba ta da takaba. A mazhabarmu ta Malikiyya matar wanda ya ɓace takan jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara ga alƙali, kana ta yi idda. Wa ke ciyar da 'ya'yanta kafin nan?

Saboda haka muka ce: albashin da hukuma ta ba soja kaɗan ne daga kuɗin yaƙi. Mafi yawansa tsohuwa ce ta biya da akuyarta, tsoho da gonarsa, yaro da karatunsa da aka yanke don ya riƙe hauya. Haraji ne da ba a rubuta a takarda ba. Ko abin da aka rubuta ma ba a cika shi ba. A ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Tiyaroy kusa da Dakar, aka buɗe wa sojojin da suka komo wuta saboda sun nemi kuɗinsu da aka riƙe. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mulka, ba ta daidaita shi da na 'ya'yanta ba sai tsakanin 2007 da 2011, bayan mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Ka gwada wannan da tafarkin magabata. Shari'a ba ta yarda ɗa ya fita yaƙin da yake farillar kifaya ba sai da iznin iyayensa. A yaƙin Badar an bar Sayyidina Usmanu a Madina yana jinyar matarsa Ruƙayya, aka kuma ba shi rabonsa kamar wanda ya halarta. Sayyidina Umaru ya kafa diwani, ya yanka wa mayaƙa da iyalansu abin masarufi, ya kuma iyakance watannin da za a tsare miji nesa da iyalinsa. Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya ɗauki namiji ya ɗauki nauyin bakunan da yake ciyarwa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Idan ka ce: wannan laifin mai mulki ne, mene ne nawa? Sai mu ce maka: saurara. Adadin da aka yanka wa ƙasa ba ya raguwa. Attajirin da ya kai wa sarki gaisuwa don a tsallake ɗansa bai rage ko mutum ɗaya ba, sai dai ya mai da ƙuri'ar kan maraya, ko ɗan bawa, ko baƙon da ba shi da mai magana. Idan ka ce: ashe uba ba zai kuɓutar da ɗansa daga zalunci ba? Sai mu ce: ba mu daidaita shi da azzalumi ba, domin tausayin ɗa halitta ce. Amma ya sani barcin da ɗansa ke yi a ɗaki, ɗan wani ne ya saya masa. Wannan bashi ne, ko alƙali bai rubuta ba. Biyansa kuwa shi ne ya aika ɗan nan nasa da hauya gonar wancan gida kafin ya taɓa tasa.

Kai falke, ga rabonka. Kada ka mai da matsuwar irin wannan gida kasuwa. Sayen akuyarsu da rabin kuɗi, ko ba su dami ɗaya a kan biyu, cin naman wanda ya tafi ne, na biyun kuwa riba ce haramtacciya ƙarara. Ka ba da rance kyakkyawa, ka jinkirta har su sami sauƙi, gonar da aka jinginar maka ka riƙe ta amana.

Kai kuma almajiri, ba ka da dukiya amma kana da damtse da alƙalami. Ka shiga gayya, ka rubuta musu wasiƙa ba lada, ka karantar da yaron da aka cire daga makaranta ko da dare ne a bakin wuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dokar 1919 ta shuɗe tare da masu ita, amma hukuncin bai shuɗe ba. Duk inda yaƙi, ko kurkuku, ko masu ɗauke mutane suka raba gida da mai ciyar da shi, hauyar da aka jingine bashi ce a kan waɗanda suka saura. Ka dubi unguwarku ka ƙirga irin waɗannan gidaje, tun kafin a ƙirga maka su a ranar da dukiya da ɗiya ba sa amfani.

Allah Ya kiyashe mu cin haƙƙin raunana, Ya mai da kowane baƙo gidansu lafiya. Allah ne Mafi sani. Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa.