Jarumta ce ko ganganci? Darasi daga ruwa mara zurfi

Kwanan baya mu na zaune da wani aboki na a nan Zuru mu na kallon wani shiri a kan masu koyon nutso da tulun iska. An kai su gefen wata tashar jiragen ruwa, inda ganuwar duwatsu ta tare igiyar teku, ruwan ya kwanta luf kamar na randa. Zurfin sa bai wuce mita 3 ba. Manyan mutane ne, amma ga su durƙushe a ƙasan ruwa su na cire gilashin fuska su na mayarwa, su na miƙa wa juna bututun numfashi, su na magana da yatsu. Abokin nawa ya kwashe da dariya ya ce, "Waɗannan ai ragwaye ne! A kai su Yawuri su ga maza."

Na yi dariya ni ma, amma maganar ta tsaya mani a rai. Shin wa ya fi jarumta: wanda ya faɗa kogi da numfashin ƙirjin sa kawai, ko wanda ya shafe kwanaki ya na rarrafe a ruwan da bai kai ya kawo ba?

Da farko dai, mai karatu, ruwan nan da mu ka raina ba abin rainawa ba ne. Idan mutum ya nutsa mita 10, nauyin da ke danne jikin sa ya ninka na doron ƙasa sau biyu. Iskar da ya shaƙa daga tulu a can ƙasa, in ya riƙe ta ya taso sama, za ta kumbura ninki biyu a cikin huhun sa. Wanda ya taso daga mita 30 zuwa 20 kuwa, kashi ɗaya cikin uku kawai za ta ƙaru. Ka ga ashe canjin ya fi tsanani a kusa da sama. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa ɗalibi ita ce kada ya kuskura ya riƙe numfashi. Ana kai shi wurin da babu igiya ne domin ya yi kuskuren sa a inda malami zai iya cafko shi.

To mu dawo gida. Mu a Zuru mutanen tudu ne, amma Jihar Kebbi jihar ruwa ce. A Argungu ana gasar nutso a lokacin bikin kamun kifi, a Yawuri da Ngaski kuwa akwai Sarkawa da su ka gaji ruwa kaka da kakanni. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a Kogin Neja kusa da Warrah. Kimanin mutum 20 aka ceto. Su wa su ka yi ta shiga ruwa su na lalubo 'yan'uwan mu? Masu nutso na gargajiya, da ƙirjin su da addu'ar su. Mu ka yaba masu, mu ka ce maza ne, mu ka koma harkokin mu.

A nan ne na ke ganin laifin mu. Yabo ba ya cin kuɗi. Idan ka kira mutum jarumi, ka sauke wa kan ka nauyin saya masa kayan aiki. Mai nutso da numfashin sa minti ɗaya ko biyu zai yi ya taso. Mai tulu zai iya shafe fiye da rabin awa a ruwa mara zurfi. Ku tuna Harrison Okene, mai dafa abinci a jirgin da ya kife a gaɓar tekun Nijeriya a 2013. Kusan kwana uku ya yi a wani lungu mai ɗan iska, mita 30 a ƙasan teku. Waɗanda su ka zo ɗibar gawa ne su ka same shi da rai, kuma da kayan aiki da horo su ka iso gare shi.

Wani zai ce ai kwana in ya ƙare, tulu ba ya hanawa. Gaskiya ne. Wanda ya kalli fim ɗin Thirteen Lives na 2022 ya san labarin yara 12 da kocin su da ruwa ya rutsa da su a kogo a Tailan a 2018. Saman Kunan, tsohon sojan ruwa, ya rasu a aikin ceton duk da ƙwarewar sa. Amma fa yaran duka sun fito, kuma mutanen da su ka fito da su shekaru su ka yi su na atisaye ba wanda ya tafa masu. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba a umurce mu da mu zubar da dabara ba.

Wani kuma zai ce Basarke ya san kogi fiye da duk wani mai takarda. Wannan ma ban musa ba. Ruwan mu jawur ya ke da damina, ba ka ganin tafin hannun ka, sai wanda ya san hanyar sa. Ai shi ya sa shi ne ya fi cancanta a horar, a ba shi kaya, a biya shi.

Mu 'yan kallo mu na da hannu a wannan tunani. Ɗan wasa ma "jarumi" mu ke ce masa, kuma ba mu taɓa son a nuna mana shi ya na koyo ba. Mu dai a nuna ya yi tsalle ya faɗa. Ni kam yanzu na fi girmama ƙaton nan da ya durƙusa a ruwan mita 3, ya yarda bai iya ba, domin ran da wani zai buƙace shi ya shiga ya fito, ya kuma koma gida wajen 'ya'yan sa.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya kare masu shiga neman su.