Karatun da Ke Kai Mutum Ƙofar Mabukaci



A shekara ta 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta tuna mana cewa bangaskiyarmu ta tsiro ne daga saiwar jama'ar Isra'ila, ta kuma gargaɗe mu mu san Yahudawa, mu girmama su. Saboda haka bari mu dubi wata al'adarsu mai amfani gare mu.

A Urushalima akwai wata makaranta mai suna Pardes, wadda aka kafa a 1972. Manya ne ke zuwa can, maza da mata, waɗansu sun ajiye ayyukansu na shekara guda domin su zauna gaban Attaura da littattafan malamansu na dā. Biyu-biyu suke karatu, wannan ya karanta, wancan ya yi masa gardama, har ma'ana ta fito. Wannan hanya suna kiranta habruta, wato abota. Sa'an nan kowane mako sukan rufe littattafai, su fita cikin gari su yi hidimar sa-kai ga tsofaffi da yara da matalauta.

Me ya sa aka haɗa biyun? Littafin Talmud ya ba da labarin wani zama da dattawa suka yi a garin Lidda, inda aka tambaya ko karatu ne ya fi girma ko aiki. Malam Tarfon ya zaɓi aiki, Malam Akiba ya zaɓi karatu. A ƙarshe suka daidaita a kan karatu, bisa dalilin cewa shi ke haifar da aiki.

Ga misali. Cikin Littafin Firistoci, sura 19, Allah ya umarci manomi kada ya girbe gefen gonarsa, kada kuma ya koma yin kala, gama wannan rabon matalauci ne da baƙo. Mu mukan karanta mu wuce. Su kuwa suka tsaya suna tambaya: gefen nan, yaya faɗinsa? Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, ya ƙayyade kada ya gaza kashi 1 cikin 60 na gonar. Ya hana masu kala shiga da lauje, don kada su ji wa juna rauni wajen rububi. Ya sa a buɗe musu gona sau uku a yini, malamai kuma suka bayyana dalili: safiya domin mata masu goyo, tsakar rana domin yara, yamma domin tsofaffi masu jan ƙafa. Wanda ya kwana yana nazarin wannan, da wuya ya miƙa wa tsohuwa abinci da wulaƙanci washegari. Kalmarsu ta taimakon matalauta, tsedaka, 'yar'uwar kalmarmu ce ta sadaka, asalinta kuwa adalci ne. Hakkin mabukaci ne ake mayar masa.

To, mu fa? A Ikkilisiyoyinmu akwai masu halartar nazarin Littafi Mai Tsarki ba fashi, amma ba su san ɗakin gwauruwar da ke bayan gidansu ba. Akwai kuma masu ɗawainiya dare da rana, waɗanda rabonsu da buɗe Maganar Allah tun ajin baftisma, har gajiya ta mai da hidimarsu gunaguni. Wasiƙar Yaƙub ta ja mana kunne game da mai ji wanda ba ya aikatawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙon kowace ƙungiya, ta mata da ta maza da ta matasa, ta gwada wannan: kowa ya nemi abokin karatu guda, ku karanta sura ɗaya tare, ku yi wa juna tambayoyi, kafin Lahadi mai zuwa kuma ku je tare ku gai da marar lafiya ko ɗan kurkuku. Da kaka, mu tuna da gefen gona.

Allah ya buɗe zukatanmu ga Maganarsa, ya buɗe hannuwanmu ga bayinsa. Amin.