Wanda aka tambaya sau biyu

A shekarar 1986 wani manomi masanin tattalin arziki, Raymond Crotty, ya kai gwamnatin Irlanda ƙara, yana cewa ba ta da ikon tabbatar da sabuwar yarjejeniyar ƙasashen Turai ba da yawun jama'a ba. A watan Afrilun 1987 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya. Ma'anar hukuncin ita ce, ikon ƙasa ajiya ne a hannun masu mulki, mai riƙon ajiya kuwa ba ya kyauta da ita. Yarjejeniyar da ta taɓa wannan iko sai an gyara kundin tsarin mulkin 1937 dominta, shi kuma kundin, bisa ayarsa ta 46, ba ya gyaruwa sai da ƙuri'ar raba gardama.

Ta haka ne ƙasa mai mutum kimanin miliyan 4 a lokacin ta tsayar da Turai har sau biyu. A 2001 ta ƙi yarjejeniyar Nis. A 2002 aka sake tambayarta, ta yarda. A Yunin 2008 kashi 53 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ƙi ta Lizbon. A Oktoban 2009 kashi 67 suka amince.

Shin adalci ne a maimaita wa al'umma tambayar da ta riga ta amsa? Masu kare wannan hanya suna da abin faɗi. A kasuwa, idan mai kaya ya ce albarka, ciniki bai mutu ba, sai mai saye ya ƙara tayi. Kuma lalle an ƙara: an tabbatar wa Irlanda kujerarta a Hukumar Turai, da ƴancinta kan haraji, da matsayinta na ƴar ba-ruwanmu a harkar soja. Ashe ƙin farko bai tafi a banza ba.

Sai dai ciniki na gaskiya shi ne wanda mai kaya ke iya naɗe tabarmarsa ya tafi gida. A 2009 bankunan Irlanda sun durƙushe, aiki ya yi wuya, yardar mai jin tsoro kuwa tana da rauni. Ban da haka, duk lokacin da ƙasar ta ce i, ba wanda ya dawo bayan shekara ya tambaye ta ko tana nan kan bakanta. A'a kaɗai ake ɗauka kuskure ne mai neman gyara.

Faransa ma ta ƙi kundin Turai ranar 29 ga Mayun 2005, da kusan kashi 55. Ita ba a yi ƙarfin halin sake tambayarta ba. Aka janye takardar, aka zuba mafi yawan abin da ke cikinta a yarjejeniyar Lizbon, majalisa ta tabbatar da ita a Fabrairun 2008 ba tare da an nemi talaka ba. Da wuya a ce Bafaranshe aka fi mutuntawa. Ɗan Irlanda dai, albarkacin ƙarar Crotty, dole aka dawo ƙofarsa aka yi sallama.