Nawa Ne Kuɗin Tsohuwar Marsandi?

A ce wani attajiri ya rasu a Kusada, ya bar Marsandi ƙirar 1979, irin waɗanda aka shigo da su daga Jamus lokacin da naira ta fi dala daraja. Ta shekara ashirin a kafe, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya. Magada na son a raba gado. Mai sayen ƙarafa ya taya ta da kilo. Sai wani matashi daga Kankiya ya ƙara kaɗan, aka sallama masa. Shi kuwa ya riga ya duba waya, ya san akwai masu tara tsofaffin motoci a Legas da Turai da za su biya ninkin-ba-ninkin. Ya cuce su?

Da yawa za su ce a'a. Bai yi ƙarya ba, an yi tayi, an ce albarka, an ƙara, an sallama. Kuma tsohuwar mota ba ta da farashi ɗaya. A watan Janairun 2020 an yi gwanjon wata Ford Mustang ƙirar 1968 a Florida ta Amurka kan sama da dala miliyan 3, don kawai ita Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. Ƙarfenta bai fi na 'yan'uwanta ba. Labarinta aka saya. Ko Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ba ita masu tarawa ke rububi ba, sun fi son mai ƙofa biyu da kamfanin Pininfarina ya tsara a Italiya. Sanin wannan bambanci aiki ne, kuma aiki na da lada. Ga kuɗin gyara, ga neman kayan da aka daina ƙerawa, ga yiwuwar injin ya ƙi tashi har abada. Kuɗin da ake gani a intanet na motar da aka gama wa wannan hidima ne.

Duk na yarda. Inda na tsaya shi ne kalmar yarda kanta. Annabi (SAW) ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su shiga kasuwa, kuma malamai sun bayyana ɗaya daga dalilan: baƙon bai san farashin gari ba. Ya yarda da bakinsa, amma a duhu ya yarda. Yau kasuwar tana cikin waya. Wanda ya leƙa ta, sannan ya je gidan waɗanda ba su ma san da ita ba, a ganina ya tare ayari ne a bakin gari.

Tambayar tsohuwa ce. Cicero na Rum ya kawo misalin ɗan kasuwar da ya isa tsibirin Rhodes da hatsi ana yunwa, ya kuma san wasu jiragen na biye da shi. Ya faɗa, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Cicero ya ce ya faɗa.

Aikina rubuta manhaja ne, kuma manhajar da za ta nuna matsakaicin farashi ba wuya gare ta ba. Amma tana amfanar mai riƙe da wayar ne, wanda sau da yawa shi ne mai saye, ba gwauruwar da ke takaba ba.

Ban ce matashin ya biya kuɗin Turai ba, ban kuma ce ya fallasa wanda zai sayar wa ba. Jimla ɗaya nake nema daga gare shi: "Baba, motar nan akwai masu nemanta, ku bincika kafin ku sallama." In sun bincika suka zaɓi kuɗi a hannu, ribarsa ta halal ce ko ta kai nawa. In kuwa akwai marayu cikin magadan, nauyin ya hau kan masu rabon ma. Bayan makanike da dillali, su sa wani yaron gidan ya ɗauki hoton lambar jikin motar, ya bincika ta a waya kafin a rubuta mata kuɗi.